Shin ƙassai bakwai su ne nahiyoyi bakwai, ko kuwa hawa-hawan da ke cikin ƙasa?

Tambaya

Ɗana yana karatu a sakandare. An koya musu cewa cikin ƙasa hawa huɗu ne, kuma duniya tana da nahiyoyi bakwai. A Islamiyya kuwa sun karanta cewa Allah Ya halicci sammai bakwai da ƙassai bakwai. Kwanan nan kuma na ga wani bidiyo a waya, mai magana yana cewa kimiyya ta tabbatar da cewa cikin ƙasa hawa bakwai ne daidai. Yaron ya tambaye ni wanne ne gaskiya, na rasa amsar da zan ba shi. Shin ƙassai bakwai su ne nahiyoyin nan? Kuma akwai laifi idan ya rubuta huɗu a jarrabawa?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Amsa a taƙaice ita ce: kasancewar ƙassai bakwai labari ne da ya zo daga Allah da ManzonSa, wajibi ne mu gaskata shi. Amma yadda suke, da inda kowacce ta fara da inda ta ƙare, babu nassi ingantacce da ya fayyace shi. Rabe-raben da mutane suka yi wa duniya kuwa, na nahiyoyi ne ko na yankuna ko na hawa-hawan cikin ƙasa, tsari ne na masu bincike domin sauƙaƙa fahimta, adadinsa kuma yana canjawa daga littafi zuwa littafi. Saboda haka babu laifi yaronka ya rubuta abin da aka koya masa, kuma bai halatta a yanke cewa ɗaya daga cikin waɗannan rabe-raben shi ne tafsirin ayar ba. Ga bayanin dalla-dalla.

Na farko: abin da nassi ya tabbatar

Ka sani, Allah Ya yi mana rahama da ni da kai, ambaton sammai bakwai ya zo a wurare da dama a Alƙur'ani, kamar aya ta 29 a Suratul Baƙara, da aya ta 3 a Suratul Mulk, da aya ta 15 a Suratu Nuh. A ayoyi biyun ƙarshe an bayyana cewa hawa-hawa suke, wata a bisa wata. Ita kuwa ƙasa, duk inda aka ambace ta a Alƙur'ani da lafazin tilo take zuwa. Wuri ɗaya ne aka yi nuni ga adadinta, wato aya ta 12 a Suratuɗ Ɗalaƙ, inda Allah Maɗaukaki Ya ba da labarin cewa Ya halicci sammai bakwai, daga ƙasa ma Ya halicci kwatankwacinsu.

Sunna ce ta zo ta ambaci adadin a fili. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'idu ɗan Zaidu (RA), da kuma daga Nana A'isha (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi ga wanda ya ƙwace ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci, cewa za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙassai bakwai ranar Alƙiyama. Taƙi shi ne tsawon buɗaɗɗen tafin hannu, abin da Larabawa ke kira shibri. A ruwayar Bukhari daga Abdullahi ɗan Umar (RA) kuma, an ce za a nutsar da shi har zuwa ƙassai bakwai.

Iyakar abin da ya inganta ke nan: adadi bakwai ne, kuma zahirin hadisan yana nuna wata tana ƙarƙashin wata.

Na biyu: maganganun malamai

Imamul Ƙurɗubi (ya rasu a 671 bayan Hijira) ya kawo saɓanin malamai a tafsirinsa. Mafi yawansu sun ce ƙassai bakwai ne hawa-hawa, da tazara tsakanin kowacce da mai bi mata. Dahhaku ya ce hawa-hawa ne, amma a manne suke babu rata a tsakaninsu. An kuma hakaito wani ƙauli cewa a shimfiɗe suke, tekuna sun raba tsakaninsu, sama ɗaya ta rufe su gaba ɗaya.

Akwai waɗanda suka ce abin nufi shi ne iƙlimai bakwai, wato yankuna bakwai da masana taswira na wancan zamani suka raba duniya a kansu. Manyan malamai sun mayar da wannan magana. Ibnu Kasir (774) ya ce mai wannan fassara ya yi nisa, ya saɓa wa Alƙur'ani da hadisi ba tare da madogara ba. Ibnu Hajar (852) a Fat'hul Bari ya kawo hujja mai sauƙin ganewa daga Ibnut Tin: da a ce yankuna ake nufi, ai da ba za a rataya wa wanda ya ci iyakar gona a wani yanki ƙasar wani yanki dabam da bai taɓa takawa ba. Abin da ya ƙwace ne ake rataya masa, da abin da ke ƙarƙashinsa. Wannan hujja ita ce amsar tambayarka game da nahiyoyi, domin nahiyoyi ma a gefen juna suke.

Sai ka yi hattara da labaran da ake ƙarawa a majalisai: sunayen kowace ƙasa, da irin halittun da ke cikinta, da cewa duniya tana bisa ƙahon sa, sa kuma yana bisa kifi. Waɗannan ba su inganta daga Annabi (SAW) ba. Haka maganar da aka jingina wa Ibnu Abbas (RA) cewa kowace ƙasa tana da annabawa irin namu. Baihaƙi (458) ya inganta isnadinta, amma ya ce shazza ce, wato ta fita dabam babu mai ƙarfafa ta, Ibnu Kasir kuma ya ɗauke ta a cikin labaran da aka karɓo daga Banu Isra'ila. Ba a gina aƙida a kan irin wannan.

Na uku: yadda aka raba bayan ƙasa

*Iƙlimai bakwai.* Asalin wannan rabo daga Girkawa yake, kuma ya shahara ta hanyar Baɗalimus, wanda ya rayu a Iskandariyya a ƙarni na 2 na Miladiyya. Sun ɗauki ɓangaren duniya da suka san akwai mutane, suka yanka shi zuwa ɗamara bakwai daga gabas zuwa yamma, suna farawa daga kusa da layin Ikwaita suna yin arewa. Ma'auninsu shi ne tsawon yini mafi tsawo a shekara: awa 13 a tsakiyar iƙlimi na farko, ana ƙara rabin awa a kowane iƙlimi, har zuwa awa 16 a na bakwai. Musulmi sun karɓi wannan tsari suka gyara shi tun zamanin Halifa Ma'amun, lokacin da Alkhawarizmi ya wallafa Suratul Ardi. A shekarar 1154 Sharif Al'idrisi ya kammala Nuzhatul Mushtaƙ a tsibirin Sisili, ya raba kowane iƙlimi kashi goma, taswirori suka zama 70. A iƙlimi na farko ya sanya ƙasashen baƙar fata irin su Takrur da Gana da Kanem. Ibnu Khaldun ma wannan rabo ya bi a Muƙaddima.

Ka lura, ko a tsakanin Musulmi ba kowa ya tsaya a kan bakwai ba. Almuƙaddasi, a ƙarni na 4 na Hijira, ya raba ƙasashen Musulunci zuwa yankuna 14 a littafinsa Ahsanut Taƙasim, shida na Larabawa, takwas na Ajamawa. Babu malamin da ya ce ya saɓa wa addini, domin kowa ya san tsari ne na masu fanni.

*Nahiyoyi.* A makarantunmu ana ƙirga bakwai: Afirka, Asiya, Turai, Amurka ta Arewa, Amurka ta Kudu, Ostireliya da Antatika. A ƙasashe da yawa na Latin Amurka shida ake koyarwa, domin suna ɗaukar Amurka nahiya ɗaya ce. A Rasha ma ana ƙirga shida ta wata hanyar, a haɗe Turai da Asiya, tun da babu tekun da ya raba su. Antatika kuwa sai a 1820 aka fara hango ta. Abin da adadinsa ya dogara da ƙasar da aka buga littafi, yaya za a mayar da shi tafsirin maganar Allah?

*Ɗamarar zafi da sanyi.* Ana kuma raba duniya gida biyar: ɗamarar zafi a tsakiya, wadda ta kai kimanin digiri 23 da rabi arewa da kudu da Ikwaita, sai matsakaita biyu, sai masu tsananin sanyi biyu daga kimanin digiri 66 da rabi zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu.

Wannan rabon yana da amfani ga ibadarka. Makka tana cikin ɗamarar zafi, a kimanin digiri 21 arewa, shi ya sa rana take tsayawa daidai bisa Ka'aba sau biyu a shekara: wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da wajen 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogon Najeriya da Nijar, 10:18 da 10:27 na safe ke nan. Idan ka fuskanci rana a wannan lokaci, ka fuskanci alƙibla, kuma da sanda ɗaya a tsaye za ka iya gwada alƙiblar ɗakinka. A can ƙuryar arewa kuma, kamar arewacin Norway, rana takan yi makonni ba ta faɗi ba. Malamai sun ce Musulmin da ke can su ƙaddara lokutan salla da azumi, suna kafa hujja da hadisin Nawwasu ɗan Sam'ana (RA) a Sahihu Muslim game da yinin Dujal mai tsawon shekara. Wasu sun ce a bi gari mafi kusa da dare da yini suke rarrabuwa a cikinsa, wasu sun ce a bi Makka.

Na huɗu: yadda aka raba cikin ƙasa

Daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar ƙasa kimanin kilomita 6,371 ne, ya kusa ninki biyu na nisan Kano zuwa Makka a miƙe. Ramin da ɗan Adam ya haƙa mafi zurfi a tsaye shi ne na Kola a arewacin Rasha, wanda ya kai mita 12,262 a shekarar 1989. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar na tafiyar ba. Ke nan babu wanda ya taɓa ganin cikin ƙasa da idonsa.

To ta yaya suka sani? Ta hanyar girgizar ƙasa. Ka ga yadda mai sayen tukunya yake ƙwanƙwasa ta ya saurara, ya gane mai tsaga da lafiyayya ba tare da ya fasa ba. Idan aka yi girgiza a wani wuri, motsinta yana ratsa cikin ƙasa, na'urori a ƙasashe masu nisa suna rubuta lokacin da ya iso. Motsin iri biyu ne: ɗaya yana ratsa daskararren abu da narkakke, ɗayan kuwa ba ya ratsa narkakke. Daga saurinsu, da karkatarsu, da wuraren da ɗayan ya kasa isa, aka yi lissafin abin da ke ciki. A 1909 wani masani ɗan Kuroshiya, Andrija Mohorovicic, ya gano iyakar ɓawon ƙasa. Bayan 'yan shekaru Bajamushe Beno Gutenberg ya ƙiyasta zurfin da cibiya ta fara. A 1936 wata masaniya 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta nuna cewa a cikin cibiyar akwai wata cibiya.

Abin da aka koya wa yaronka shi ne sakamakon wannan bincike. Ka ɗauki mangwaro misali, da ɓawonsa da tsokarsa da ƙwallonsa:

1. Ɓawo: shi muke takawa muke nomawa. Kaurinsa a ƙarƙashin teku kilomita 5 zuwa 10 ne, a tudu kuma kimanin 35, yakan kai 70 a ƙarƙashin manyan duwatsu irin na Himalaya.
2. Tsoka: dutse ne mai tsananin zafi, ya kai zurfin kimanin kilomita 2,900. Shi ne mafi yawan jikin ƙasa.
3. Cibiya ta waje: narkakken ƙarfe ne da nikel, zuwa zurfin kimanin kilomita 5,150.
4. Cibiya ta ciki: ƙarfe ne daskararre saboda tsananin nauyin da ke danne shi, duk da zafinsa.

Amma huɗu ba shi kaɗai ne lissafi ba. Wanda ya duba sinadarin da aka yi kowane hawa da shi, uku zai ƙirga, ya haɗe cibiyoyin biyu. Wanda ya duba tauri da laushi, biyar zai ƙirga. Wanda ya shiga ƙananan rabe-rabe zai wuce haka.

Ga wani abu da ya kamata mai bidiyon nan ya sani. A farkon shekarun 1940 wani masani haifaffen Niyu Zilan, Keith Bullen, ya raba cikin ƙasa gida bakwai, ya sa musu haruffa daga A zuwa G. Bayan 'yan shekaru shi da kansa ya ga cewa hawa na huɗu ya kamata a raba shi biyu, suka zama takwas. Da a ce wani malami ya hau mumbari a wancan lokaci ya ce ga tafsirin ayar ya bayyana, me zai ce wa jama'arsa bayan an ƙara na takwas?

Irin wannan kuskure ake yi game da sammai, inda wasu ke cewa su ne hawa-hawan iskar da ta kewaye duniya. Masana galibi biyar suke ƙirga waɗannan. Sannan Allah Ya ba da labari a Suratul Mulk aya ta 5 da Suratus Saffat aya ta 6 cewa Ya ƙawata sama ta kusa da taurari, taurari kuwa suna nesa ƙwarai da inda iskar duniya ta ƙare.

Na biyar: ƙa'idar da za ka riƙe

Abin da ya tabbata a nassi gaskiya ne, abin da ya tabbata ta hanyar gani da awo shi ma gaskiya ne, kuma gaskiya biyu ba sa karo, domin Wanda Ya saukar da Littafi Shi Ya halicci ƙasa. Inda ake samun matsala shi ne a ɗauki fahimtar wani a mayar da ita nassi, ko a ɗauki tsarin masu bincike a mayar da shi abin da ba ya canjawa.

Yana yiwuwa ƙassai bakwai su kasance hawa-hawa ne a cikin wannan ƙasa da muke kai, kuma wannan ya fi kusa da ƙaulin Dahhaku da zahirin hadisin taƙi. Idan mutum ya ce mai yiwuwa ne, bai yi laifi ba. Laifin shi ne ya yanke, ya ce hawa kaza shi ne ƙasa ta uku, hawa kaza shi ne ta biyar, alhali ba shi da dalili. Allah Ya hana mu bin abin da ba mu da ilminsa a Suratul Isra'i aya ta 36. Mai yin haka yana nufin taimakon addini, amma yana jefa matasa cikin haɗari. Yaron da aka gina imaninsa a kan cewa kimiyya ta ce bakwai, ranar da ya buɗe littafi ya ga biyar, shakka za ta shige shi, alhali ayar ba ta taɓa cewa abin da aka jingina mata ba.

Don haka ka ce wa ɗanka: Allah Ya ce bakwai, mun yi imani. Malamin makaranta yana ba ka labarin abin da na'ura ta auna ne, da yadda masu fannin suka tsara shi. Ka rubuta huɗu a jarrabawa, ma'anarsa a bisa tsarin wannan littafi, babu ƙarya a ciki kuma babu saɓo. Ka ƙarfafa masa gwiwa ya iya fannin sosai. Da irinsa ake gano inda ruwa yake kafin a haƙa rijiyar burtsatse, da inda ƙasa za ta ɗauki gini, kuma al'umma tana bukatar masu wannan sani daga cikin 'ya'yanta.

Na shida: abin da hadisin ya zo dominsa

Kada bincike kan adadi ya shagaltar da kai daga abin da ya sa aka faɗi hadisin. Muslim ya ruwaito cewa wata mata, Arwa 'yar Uwaisu, ta kai ƙarar Sa'idu ɗan Zaidu wurin Marwanu ɗan Hakamu, tana cewa ya ci mata fili. Sa'idu, wanda yake cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ya ce yaya zai taɓa filinta bayan abin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), sai ya faɗi hadisin. Sannan ya roƙi Allah, in ƙarya take yi, Ya makantar da ita Ya kashe ta a cikin filin nata. Ba ta mutu ba sai da ta makance, ta faɗa rami a cikin filin, ajalinta ke nan. Nana A'isha ma ta faɗi hadisin ne ga Abu Salama lokacin da yake rigimar fili da wasu mutane, ta ce masa ya nisanci ƙasar. A Sahihu Muslim kuma, daga Aliyu (RA), an la'anci wanda ya canja alamar iyakar ƙasa.

Malamai sun ciro hukunci daga nan cewa wanda ya mallaki fili ya mallaki ƙarƙashinsa, yana da ikon hana wani ya haƙa rami ko rijiya ta ƙarƙashin filinsa ba da yardarsa ba. Ma'adinai kuwa, irin su zinariya da azurfa, mashahurin ƙauli a mazhabar Malikiyya shi ne al'amarinsu yana hannun shugaba ko da a filin wani aka same su, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaikh Khalil, domin a sarrafa su ga maslahar jama'a.

Kusan kowace shekara idan damina ta kawo kai, sai an zo mana masallaci da rigimar iyaka. Wani ya tura garma ta cinye kunya ɗaya daga gonar maƙwabcinsa. Wani ya tumɓuke gambar da kakanni suka shuka a kan iyaka ya matsar da ita. A cikin gari kuma, mai gini ya turo katangarsa cikin hanya, ko babban wa ya haɗe rabon ƙannensa mata da na marayu a cikin nasa. Kowannensu yana ganin ɗan abu ne kaɗan. Ka tuna nisan da muka ambata daga bayan ƙasa zuwa tsakiyarta, sannan ka tuna wuyanka.

Idan ka san akwai taƙin wani a cikin filinka, ka mayar masa tun kana da iko, ko ka nemi yafewarsa a gaban shaidu. Idan iyakar ta rikice muku, ku kira mai unguwa da dattawan da suka san wurin, ka kuma bar abin da kake shakka a kansa.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa.

Allah ne Mafi sani.